An yi maka aikin ƙaba, shi ke nan ka yi sallama da yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi?

An daɗe ana cewa wanda aka yi wa aikin ƙaba sai ya kwanta watanni, motsa jiki kuma ya rabu da shi har abada, ɗinki zai farke. Tsoron yana da dalili amma ba haka abin yake ba. Likitoci ma so suke ka fara takawa a tsakar gida tun washegari. Abin da ake hanawa shi ne yunƙuri da ɗaga kaya masu nauyi kamar jarkar ruwa, yawanci sati 4 zuwa 6, to a yoga sai a fara da numfashi a hankali kana kwance, a jinkirta lanƙwasa baya da tsayuwa da ka. Gwaji mai sauƙi, in motsi ya sa ka riƙe numfashi ko wurin ya ja ka, dakata, ka tambayi likitan da ya yi maka aikin. Don Allah ku tura wa 'yan uwa.