Kallon fina-finai ta intanet da biyan kuɗin wata a Zamfara

Kallon fim ta intanet hanya ce da fim ke zuwa wa mai kallo kaɗan-kaɗan daga rumbun ajiyar wani kamfani, yana isowa yana fitowa a allon waya ko talabijin, ba tare da an sayi kaset ko faifai ba. A tsarin biyan kuɗin wata, wanda matasa ke kira "yin sub", mutum ba ya sayen fim ko guda. Izinin shiga rumbun yake saya na kwana talatin, ya kalli abin da ya ga dama, ranar da wa'adi ya cika kuma, in ba a sabunta ba, a rufe ƙofa. A Gusau, Kaura Namoda, Talata Mafara da sauran garuruwan Zamfara, wannan kuɗin wata shi ne mafi sauƙi cikin abin da kallon ke ci. Data da wutar lantarki su ne masu yanke hukunci, kuma mai shirin farawa da su ya kamata ya fara lissafi.

Asali

An kafa Netflix, babban kamfanin kallon fim ta intanet, a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1997, a hannun Reed Hastings da Marc Randolph, kuma da farko hayar faifan DVD yake bayarwa ta gidan waya. Sai a 2007 ya fara nuna fim ta intanet. A watan Janairun 2016 ya buɗe a ƙasashe 130 a rana ɗaya, har da Najeriya. YouTube ya fito a 2005, Google ya saye shi a 2006. A gida Najeriya, Jason Njoku ya buɗe iROKOtv a 2011 don fina-finan Kudu. Showmax ya fito daga Afirka ta Kudu a 2015, Amazon kuwa ya kawo Prime Video da farashin naira a 2022.

Ƙasar Hausa ta bi tata hanyar daban. Tun daga 1990 fim ɗin Hausa na bidiyo ke yawo a kaset, daga baya ya koma faifan CD, ana saye a kasuwa ko a karɓo haya a shagon unguwa. Da wayoyin Android suka yawaita, kasuwar faifai ta mutu, shagunan tura fina-finai suka gaje ta. Duk wanda ya ratsa kasuwar Gusau ya san su: yaro zaune gaban kwamfuta, igiyoyin caji sun harɗe a kan tebur, jama'a na miƙa waya ko memori, wannan ya ce a zuba masa fassarar Indiya, wancan ya ce sabon zango yake nema. Da ɗan canji ake cika waya. Wannan shago shi ne babban kishiyar kowane kamfanin kallo a Zamfara, domin ba ya neman katin banki, ba ya cin data, kuma abin da aka zuba ba ya da wa'adi.

Yadda fim ke isowa

Kamfani yana ajiye kowane fim a matakan inganci da yawa, kowane mataki an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi. Manhajar da ke cikin waya tana auna ƙarfin sabis a kai a kai. In ya yi ƙarfi ta ɗauko gunduwa mai kyan hoto, in ya yi sanyi ta koma mai dishi-dishi don kada kallo ya tsaya. Shi ya sa hoto kan dushe a tsakiyar fim, can kuma ya washe da kansa. Manhajar tana kuma tara 'yan gunduwoyi a gaba a matsayin guzuri. Da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo alama ce guzurin ya ƙare, sabo bai iso ba.

Hanyar tana da nisa. Akasarin intanet ɗin Najeriya ta wayoyin ƙarƙashin teku yake shigowa, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a Legas a 2010, da Equiano na Google da ya iso a 2022. Daga nan sai ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa zuwa Arewa, ya hau turken sabis, ya sauka a waya. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin tekun suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a faɗin ƙasa, har bankuna suka ji a jikinsu. Ba kullum ne laifin wayar mutum ba.

Kayan aiki

Waya mai Android, layi mai 4G, adireshin imel da hanyar biya sun isa a fara. Mai son kallo a babban allo yana da zaɓi: talabijin mai manhajoji a cikinta, ko tsohuwar talabijin mai ramin HDMI a haɗa ta da ƙaramar na'ura irin Fire TV Stick, Chromecast ko akwatin Android. Intanet ɗin kuma zai zo ne ko dai daga wayar maigida in ya buɗe hosfot, ko daga na'urar wayfai da ake sa wa layi. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023 kuma ba ya dogara da turken sabis, amma kuɗin kayansa da na watansa sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Kafin a sayi komai, a gwada sabis a ainihin ɗakin da za a yi kallon, kuma da dare, tsakanin isha'i da ƙarfe goma, lokacin da kowa ke kan layi. A cikin Gusau ma, layin da ke gudu a Tudun Wada yana iya rarrafe a Samaru, kai har a gida ɗaya zaure kan fi ɗakin uwargida sabis.

Lissafin data

A nan ne yawancin sababbin shiga ke ƙonewa. Bisa ƙididdigar da Netflix ke bayarwa da kansa, awa ɗaya ta kallo tana cin kusan gigabait 0.3 a mafi ƙarancin inganci, kusan 0.7 a matsakaici, har zuwa 3 a hoto mai kaifi (HD), har zuwa 7 a 4K, wato mafi kaifin hoto. Wajen sauri kuma yana neman megabit 3 a daƙiƙa don hoton 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K.

A ɗauki gidan da ke kallon awa biyu kowane dare. A wata awa 60 ke nan. A mafi ƙarancin inganci za su ci gigabait 18, a matsakaici 42, a hoto mai kaifi kuwa suna iya kaiwa 180. Fim ɗaya ne, labari ɗaya ne, amma tsakanin sama da ƙasa ninki goma ne. Duk wanda ya kwatanta wannan da farashin data zai ga cewa sau da yawa kuɗinta ya zarce kuɗin sub ɗin nesa ba kusa ba, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Abin takaicin shi ne manhajoji da yawa, in aka bar su yadda suka zo, suna ɗaukar mafi kyan hoton da sabis zai iya jurewa, musamman a talabijin. Maigida ya buɗe hosfot, ya jingina waya a bakin taga inda sabis ya fi kamawa, iyali sun baje a tabarma, fim ya yi daɗi, kafin a kai ƙarshen na biyu saƙo ya shigo cewa datar wata ta kusa ƙarewa. Ba sata aka yi masa ba, saiti ne bai taɓa ba. Abu na farko da ya kamata a yi bayan rajista shi ne a shiga saitin manhaja a rage ingancin hoto, a kuma kashe abin nan da ke sa kashi na gaba ya fara da kansa, domin shi ne ke cinye data bayan barci ya ɗauke mai kallo. A allon waya mai inci shida, idon mutum da ƙyar yake bambance matsakaicin hoto da mai kaifi. Biyan ninki huɗu saboda bambancin da ba a gani asara ce.

Dabara ta biyu ita ce saukewa. Manyan manhajojin suna bari a sauke fim cikin waya a kalla daga baya ba tare da sabis ba. Kamfanonin waya kuma suna da data mai rahusa ta dare, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, lokacin da layi ya fi sakewa. Sai dai fim ɗin da aka sauke ta wannan hanya a kulle yake cikin manhajar. Ba a tura shi ta Xender, ba a kwafe shi a memori, kuma yana da wa'adi: wasu kan ƙare awa 48 bayan an fara kallonsu.

Wuta

Kaduna Electric ke raba wuta a Zamfara, tare da Kebbi, Sakkwato da Kaduna, kuma babu mai tsara kallonsa a kan zuwanta. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tada janareta don fim ya zama almubazzaranci. Sa'ar da aka yi, kayan kallon ba su da ci. Talabijin LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, na'urar wayfai kuma wajen wat 10. Ƙaramar sola da batir da inbata suna ɗaukarsu har da fanka. Mai kallo a waya fawa-banki ya ishe shi.

Biyan kuɗi

Netflix yana da matakai huɗu a Najeriya. Na ƙasa na waya da tablet ne kawai, allo ɗaya. Na sama yana ba da 4K da allo huɗu a lokaci guda. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, a 2024 kaɗai an ƙara sau biyu, don haka a duba shi a shafin kamfanin ranar da za a biya. Gidan da ba shi da intanet marar iyaka ba shi da dalilin sayen matakin sama, tun da ba zai iya ciyar da shi ba.

Ana biya da katin banki, kuma ba kowane kati ke wucewa ba. Muhimmin abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne kuɗin yana sabunta kansa. Duk wata kamfani zai cira daga akawun ba tare da ya tambaya ba, kuma goge manhaja daga waya ba ya dakatar da hakan. Sai an shiga akawun ɗin kallon an soke. Wanda ya soke a tsakiyar wata yana ci gaba da kallo har kwanakinsa su cika.

Akwai masu tallar "akawun mai araha" a WhatsApp da Facebook. Galibi akawun ɗaya ne suke raba wa mutane da yawa, wani lokaci ma na sata. Ranar da aka canza kalmar sirri, kuɗi ya tafi, babu wanda za a kama. Tun 2023 Netflix ke matsa wa masu raba akawun da waɗanda ba gida ɗaya suke ba. Kuma kowa ya nemi lambar bayan kati ko lambar da banki ya turo da sunan zai taya biya, a rabu da shi.

Me ake samu da Hausa

Gaskiyar magana, manyan kamfanonin waje ba su da abin kirki da Hausa. Mai jin Turanci, ko mai son fina-finan Indiya, Koriya da na Kudu, zai samu abin da ya fi ƙarfin kallonsa. Amma Inna da ke son labarin gidan aure da harshenta za ta yi ta lalube a banza. Kayan Hausa suna YouTube, inda furodusoshin Kannywood suka koma da fina-finai masu dogon zango, suna sakin kashi ɗaya duk mako, talla na biyan su. Akwai kuma manhajojin gida irin su Northflix da Kallo.ng, da ta tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014. Waɗannan sun cancanci a duba su kafin na waje. Fim ɗin da aka zuba a shagon turawa, sau da yawa ko kwabo ba ya kaiwa ga marubucin da ya tsara shi ko mai ɗaukar hoton da ya sha rana. Wanda aka kalla a tashar mai shi ko a manhajar da ta saye shi, wani abu yana komawa inda aka yi wahalar.

Yara

Da, talabijin ɗaya ce a tsakar gida, abin da yaro ya gani Baba ya gani. Yanzu allon yana cikin aljihu. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta jihar Kano da aka kafa a 2001 ba su tace duk abin da ke rumbun kamfanin da ke Amurka ba, kuma a cikinsa akwai abin da bai dace da tarbiyyar gidan Bahaushe ba, jere da katun na yara a shafi ɗaya. Manhajojin suna da ɓangaren yara, suna nuna shekarun da suka dace da kowane fim, suna kuma bari a kulle ɓangaren manya da lamba huɗu. Aikin minti biyar ne, kuma a yi shi kafin waya ta shiga hannun yaro.

In sabis ya ɗauke

A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha a yaƙin da take yi da 'yan bindiga, NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a Zamfara baki ɗaya. An ce mako biyu, aka tsawaita, Gusau ba ta samu ba sai bayan kusan wata guda, wasu ƙananan hukumomi sun fi haka daɗewa. Kallon fim shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka rasa a lokacin, amma abin ya nuna iyakar wannan tsari. Kamfani ba ya tsayar da ƙirgen kwanaki don sabis ya ɗauke, kati kuma ana ci gaba da cirar kuɗi daga cikinsa, mai shi ba shi da hanyar shiga ya soke. Fim ɗin da aka sauke ma, in wa'adinsa ya cika, sai da intanet ake sabunta shi. Mazaunin yankin da sabis ke yawan yankewa, irin ƙauyukan Zurmi, Maru ko Shinkafi, gara ya riƙa biya wata-wata yana sokewa nan take bayan ya biya, ya sake biya da hannunsa in ya ga hanya a buɗe.