Bluetooth da NFC: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Bluetooth yana cin data?

A'a. Babu ruwansa da layinka. Ko ka cire sim zai yi aiki.

In na bar shi a kunne zai shanye mini caji?

Ba wani abin a zo a gani ba, musamman tun da Bluetooth 4.0 ya fito a 2010. Hasken fuskar wayarka ne ke shan cajin, shi za ka rage.

Me ya sa sautin iyafis ɗina ke yankewa?

To, wannan ba amsa ɗaya gare ta ba. Bluetooth yana aiki ne a zangon 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da na'urar ɗumama abinci duk suke cunkushe a cikinsa. Yana tsallake-tsallake tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa, don kauce wa cinkoson, amma wani lokacin abin yakan fi ƙarfinsa. Fara da nisa: mita 10 da ake faɗa a fili ne, bango ɗaya ya isa ya rage shi. Jikinka ma shamaki ne, domin ruwa yana shanye wannan siginar. Waya a aljihun baya, iyafis a kunne, dole ka ji sauti yana tsinkewa. Maido da ita aljihun gaba. In a kwamfuta ne, duba ko akwai filashin USB 3.0 kusa da abin da ke kama siginar, yakan jawo matsala. In na'urar Wi-Fi ɗinka tana da 5 GHz, koma can. Bai daina ba? Goge iyafis ɗin daga jerin na'urori, ka sake haɗa su. Mai yiwuwa kuma batirinsa ne ya fara mutuwa, amma kada ka yi saurin yar da shi kafin ka gwada shi a wata wayar.

Sauti yana lalacewa in ina amsa kira, iyafis ɗin ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Da makirufo ya buɗe, ingancin sautin ke sauka. Haka aka tsara shi.

Za a iya kwashe mini kuɗi ta NFC daga nesa?

Kwantar da hankalinka. NFC, wato tsarin da ake biyan kuɗi da shi ta hanyar kara kati ko waya a jikin na'ura, bai wuce kamar santimita 4 ba, sai an kusan manna katin ko wayar. Ka dai sa wa wayarka makulli.

Bidiyo ya ƙi gama turuwa ta Bluetooth.

Wa ya aike ka? Gudunsa bai wuce megabit 3 a daƙiƙa ba. Yi amfani da Quick Share na Android ko AirDrop na iPhone, su ta Wi-Fi suke tura manyan fayiloli.