Masu son zana jarumin komik (labari cikin zane-zane), ga amsoshin tambayoyinku

Duk wanda ya ga ina zane sai ya zo da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda.

Da wane kaya zan fara?

Fensir HB, farar takarda da abin goge fensir. Shi ke nan.

Ba sai da kwamfuta ake yi yanzu ba?

A'a. Da fensir da tawada Joe Shuster ya zana Superman, wanda ya fara fitowa a 1938 a Amurka. Jack Kirby ma a takarda ya zana Black Panther a 1966. Hannun da bai iya ba a takarda, ba zai iya a kwamfuta ba. Ku daina jiran sai kun sayi na'ura.

Me ya sa jarumina yake fitowa gajere da ƙaton kai?

Saboda ba ka auna. Kan mutum shi ne ma'auni. Tsayin babban mutum kusan kai 7 da rabi ne, jarumin komik kuma ana ba shi kai 8 ko fiye, don ya yi kwarjini. Ja layi a tsaye, ka raba shi gida 8. Gidan farko kai ne zuwa haɓa, na biyu ya tsaya a ƙirji, na uku a cibiya, na huɗu inda cinyoyi suka rabu, nan ne tsakiyar jiki. Gwiwa tana ɗan sama da layi na shida. Faɗin kafaɗu ya ɗan wuce kai biyu. Ku yi wannan sau 50 kafin ku sake tambayata.

Yaushe zan sa masa tsoka da kaya?

Wannan gaggawar ce ke hana yawancinku ci gaba. Sai yaro ya kawo mini zane ya cika shi da damatsa da alkyabba tana kaɗawa, amma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ƙugu kuma ba ya ƙarƙashin ƙirji. Tsoka a kan ƙashi take zaune. Fara da layuka, ka ɗora ƙwallo a matsayin kai, akwati a ƙirji, wani ƙarami a ƙugu, hannu da ƙafa kamar gungumen ice. Kaya su ne na ƙarshe. Idan ka zo kansu, ka cike hoton duka da baƙi ka duba: ana gane shi daga inuwarsa kawai? Ana gane Batman da kunnuwa biyu da mayafinsa ko da ba a ga fuska ba. Naka ma ya samu alama irin wannan, guda ɗaya ta isa.

Idan yana tsaye yana yin kyau, amma da na sa shi ya kawo naushi ta wajen mai kallo sai komai ya lalace. Yaya zan yi?

To, wannan tambaya ce ta gaske, kuma ba ta da amsa ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, ma'aunin kai 8 da na faɗa a sama ba ya aiki a nan. Hannun da ya miƙo gare ka yana gajarcewa a ido: dunƙulen ya girma, wani lokaci ya kai girman kai ko ya fi, damtse ya ɓuya a bayansa, kafaɗa ta koma can nesa. Amma zuciyarka ta san hannu dogo ne, sai ta sa ka tsawaita shi, sai ya fito kamar an karya shi gefe.

Akwai hanyoyi, kuma kowace da inda take gazawa. Wasu sukan fara da dunƙulen, su zana kafaɗa, sannan su haɗa tsakani da zobba masu hawa kan juna, kowane yana rufe wani sashe na wanda ke bayansa. Tana aiki sosai idan hannun a miƙe yake. Idan gwiwar hannu ta lanƙwashe, takan rikita mai koyo. Wasu kuma hoto suke ɗauka da waya, su sa ƙani ko aboki ya kawo naushin. Wannan ma yana da amfani, sai dai idan wayar ta yi kusa da hannun tana ƙara kumbura shi fiye da yadda ido ke gani. A komik wani lokaci hakan ake so, wani lokaci kuma yana ɓata hoton; ya danganta da irin ƙarfin da kake so naushin ya nuna.

Ni dai abin da nake ba da shawara, ka kalli dambe. Ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da ɗan dambe ya saki hannun da aka ɗaure. Za ka ga naushin daga ƙafar baya yake tasowa, ƙugu ya juya, kafaɗa ɗaya ta shigo gaba ɗaya ta ja baya, kai ya ɗan nutse. Sau da yawa ba hannun ne ya lalace a zanenka ba, jikin ne ka bari a sandare kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Gyara karkatar ƙirji da ƙugu tukuna, mai yiwuwa hannun ya zauna da kansa. Idan bai zauna ba, ɗan juya jarumin gefe kaɗan maimakon ya fuskanto ka kai tsaye, ka riƙa matso da shi sannu a hankali a zane na gaba. Kada ranka ya ɓaci a kan wannan. Ƙwararru ma sukan goge irin wannan hannun su sake.

Zan iya kwafar zanen wasu?

Ka kalla ka zana don koyo, babu laifi. Ɗora takarda a kai kana bin layi ba zai koya maka komai ba. Kuma Spider-Man na kamfanin Marvel ne, Superman na kamfanin DC ne, kada ka sa sunanka a kansu ka ce za ka sayar.

Ba na iya zana yatsu, zan iya ɓoye hannun a baya?

A'a. Ina ganin wannan dabarar kullum, kuma kowa yana ganewa. Hannunka ɗaya yana riƙe da fensir, ɗayan yana zaune banza. Aje shi a gabanka ka zana shi, a buɗe da a dunƙule, guda 5 kullum.

Da na bi da tawada sai zanen ya mutu.

Ba kai kaɗai ba ne. A manyan kamfanonin Amurka aikin ma raba shi ake yi: wani ya yi fensir, wani tawada, wani launi, wani rubutun magana. Kowanne sana'a ce. Ka yi fotokwafin zanen, ka gwada tawadar a kan kwafin, ka kaurara layin da ke gefen inuwa, ka siranta na gefen haske.

Wata nawa zan yi kafin in iya?

Ya danganta da yawan takardar da ka cika. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane, kada ka yaga ko ɗaya, bayan wata 3 ka jera na farko da na ƙarshe ka duba.