Waiwaye: Kolestarol mai kyau da faɗansa da ƙwayoyin cuta

Wanda ya taɓa karɓo takardar gwajin kitsen jini ya ga haruffa uku a jikinta, HDL, kuma likita kan ce wannan shi ne mai kyau. Masu binciken ciwon zuciya ne suka raɗa masa sunan. Tun 1929 Michel Macheboeuf ya ware wannan dunƙulen kitse da furotin, da yanzu ake kira HDL, daga jinin doki a Cibiyar Pasteur ta Faris, amma sai a 1977, da binciken garin Framingham na Amurka ya nuna masu wadatar HDL ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba, sunan ya bi shi. Aka ɗauke shi tamkar motar shara, yana bin jijiyoyi yana kwashe rarar kolestarol ya kai hanta.

Ashe yana da wani aikin. Makiyayi ya san sammore: ƙudan tsando ya ciji saniya, ta yi ta ramewa har ta kwanta. Ƙudan yana cizon mai kiwon ma, amma ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kayar da saniyar ba ta iya zama a jinin mutum. A 1978 Mary Rifkin ta gano cewa abin da ke kashe ta yana cikin HDL. A 2003 tawagar Etienne Pays a Beljiyam ta kama mai aikin, wani furotin da ake kira ApoL1. Ƙwayar ce ke haɗiye shi da kanta, shi kuma ya huda ta daga ciki, ta kumbura ta fashe. Nau'i biyu na ƙwayar da ke jawo wa mutane ciwon barci su ne suka san hanyar kauce masa.

Daga nan hankali ya koma kan bairos. A 1990 aka nuna a ɗakin gwaji cewa ApoA1, babban furotin na HDL, yana hana ƙwayoyin jiki mannewa da juna, alhali wannan mannewar na daga cikin hanyoyin da bairos ɗin ƙanjamau da na hafis (mai fito da ƙuraje a leɓe ko al'aura) ke bi su yaɗu. Sai dai abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, jikin mara lafiya daban.

Kuma ba a jima ba labarin ya juya. Akwai wata ƙofa a jikin ƙwayoyin hanta, SR-B1, wadda aka tabbatar a 1996 cewa ta nan HDL ke sauke kayansa. A 2002 aka gano bairos ɗin ciwon hanta nau'in C ma ta nan yake bi, a 2005 kuma aka nuna cewa kasancewar HDL a wurin sauƙaƙa masa shiga yake yi. Wato mai gadin ne ya riƙe wa ɓarawo ƙofa. Bairos ɗin ƙanjamau shi ma yana da tasa dabarar: furotin ɗinsa mai suna Nef yana toshe hanyar da ƙwayar jiki ke miƙa wa HDL kolestarol.

Da korona ta zo a 2020, asibitoci suka lura cewa waɗanda cutar ta fi jigatawa HDL ɗinsu ya yi ƙasa sosai. Aka yi ta yayata cewa ƙarancinsa ne ya kayar da su. A ganina an yi gaggawa. An daɗe da sanin cewa duk cutar da ta tayar da kumburi mai tsanani tana zubar da HDL, har ta sauya masa zubi, wani furotin na lokacin rashin lafiya ya ture ApoA1 ya maye gurbinsa. Ƙarancin na iya zama sawun cutar ne, ba sanadinta ba. A shekarar kuma masu bincike a Sin suka ba da rahoton cewa ƙofar nan ta SR-B1 tana iya taimaka wa bairos ɗin korona shiga.

Lambar da ke kan takardar gwaji nauyin kolestarol ɗin da HDL ya ɗauko take aunawa, ba ingancin aikinsa ba. Kamfanin Pfizer ya ɗanɗana wannan a Disambar 2006, lokacin da ya dakatar da gwajin maganin torcetrapib: ya ɗaga HDL da kusan kashi 70 cikin 100, amma mace-mace suka ƙaru a cikin masu shan sa. A 2018 kuma wani bincike a Kofanhegan, kan mutane kusan dubu 100, ya nuna cewa masu ƙarancin HDL sun fi kwanciya asibiti da cututtuka masu yaɗuwa, haka ma waɗanda nasu ya yi yawa fiye da kima.