Manyan asibitocin kuɗi a Kano: tambayoyin da masu jinya ke yi

Me ya sa asibitocin kuɗi suke ta bunƙasa a Kano?

Jama'a sun yi wa asibitocin gwamnati yawa. Asibitin Murtala da na Nassarawa da na Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ba Kanawa kaɗai suke dubawa ba. Ana kawo marasa lafiya daga Jigawa da Katsina, har daga Nijar. Sai a rasa gado, ko a ba mutum ranar ganin likita mai nisa, ga yajin aiki da kan taso. Kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, da yawa daga masu zuwa Indiya da Masar neman magani sun koma neman mafita a gida.

Waɗanne ayyuka ake samu a manyan cikinsu?

Ban da haihuwa da tiyata, wasu suna da wankin ƙoda, hoton CT da MRI, ɗakin kulawa ta musamman, da kwalabar rainon bakwaini. Amma a sani, yawancin ƙwarewar nan a asibitin gwamnati aka raine ta. A Asibitin Malam Aminu Kano aka yi dashen ƙoda tun 2002, kuma likitocin da ake gani da yamma a asibitin kuɗi sau da yawa su ne na can da safe.

Idan asibiti ya ce shi na ƙasa da ƙasa ne, ya fi sauran ke nan?

Ba lallai ba. Wani yana da likitoci daga waje, wani sunan ne kawai a allo. Ko daga ina likita ya zo, dole ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, asibitin kuma ya samu lasisin PHIMA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a jihar. A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ke bakin aiki da ƙarfe biyun dare? Akwai mai ba da maganin barci na tiyata a kusa? Akwai jini a ajiye? In an ɗauke wuta, janareta zai tashi nan take? Ginin bene da sanyin ɗaki ba sa tsayar da zubar jinin mai haihuwa, kuma abin yana damuna yadda muke ruɗuwa da su.

Me ya sa kuɗinsu yake da yawa haka?

Na'urori da yawancin magunguna da dala ake shigo da su, ga kuɗin dizal. Mai inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha, wato KSCHMA, ya tambaya tun a wurin yankar kati ko suna karɓa, da abin da ba ta ɗauka. Kafin tiyata kuma a nemi lissafi a rubuce.

Za su iya ƙin karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa don bai ajiye kuɗi ba?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da taimakon gaggawa. Wanda aka yi wa haka a Kano yana iya kai ƙorafinsa PHIMA.