Waiwaye: rigimar masu ƙin yaƙi da masu ce musu maciya amanar ƙasa

Duk mai bin labaran Amurka da Turai a waya ya san wannan faɗan, da an fara kaɗa gangar yaƙi sai mutane su rabu biyu, wasu su cika titi da kwalaye suna ba mu yarda ba, wasu kuma, galibi 'yan mazan jiya masu ra'ayin riƙau, su taso musu da cewa ku ne masu karya wa sojojinmu gwiwa. Mu nan Damagaram muna kallon bidiyon a Facebook da TikTok kamar sabon abu, alhali rigimar ta haura shekara 100, kuma har sunan Nijar ya taɓa faɗawa tsakiyarta, yaran yanzu da yawa ba su ma san an yi ba. Abin da na lura da shi dai, ba a daɗewa kan tambayar ko yaƙin ya dace ko bai dace ba, nan da nan ake komawa kan wane ne ɗan ƙasa na gari, wane ne maci amana.

Wanda ya yi lekol zai tuna sunan Jean Jaurès. Shi ne jagoran 'yan gurguzun Faransa da ya yi ta faɗi tashi kar a shiga yaƙin duniya na farko, jaridun 'yan kishin ƙasa suka yi ta zaginshi wai yaron Jamus ne, ranar 31 ga Yuli 1914 yana zaune a wani gidan abinci a Paris wani saurayi Raoul Villain ya harbe shi ta taga. Kwana 3 bayan haka Jamus ta shelanta yaƙi kan Faransa. Da aka zo shari'a a 1919 kotu ta sallami wanda ya yi kisan, ka ji fa. A Amurka kuma Eugene Debs jawabi kawai ya yi a garin Canton a 1918 aka yanke mishi shekara 10, daga cikin gidan kaso ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920 ya samu ƙuri'a sama da 900,000. Lokacin yaƙin Aljeriya ma an yi irin haka, a 1960 marubuta da malamai 121 suka sa hannu a takardar goyon bayan samarin da suka ƙi zuwa yaƙin, na ɓangaren riƙau su ma suka fito da tasu takardar suna kiransu maciya amana.

Amma inda abin ya yi ƙamari har ya bar tabon da bai warke ba shi ne Biyetnam. A wancan zamanin aikin soja dole ne, kuma ɗan mai hali yakan fake da karatun jami'a ya tsira, ɗan talaka da baƙar fata su ake kwasa. Ranar 28 ga Afrilu 1967 a Houston aka kira sunan Muhammad Ali ya ƙi matsowa, ya ce addininshi bai yarje mishi ba, aka ƙwace kambunshi na dambe, kotu ta yanke mishi shekara 5 da tarar dalar Amurka 10,000, bai shiga kaso ba saboda ɗaukaka ƙara amma ya yi shekara 3 da wani abu ba ya dambe a lokacin da yake kan ganiyar ƙarfinshi, sai 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin. A wannan watan na Afrilun 1967 Martin Luther King ya soki yaƙin a wani coci a New York, manyan jaridun da ke yabonshi jiya suka juya mishi baya, wai ya tsaya kan maganar 'yancin baƙaƙe, ina ruwanshi da yaƙi.

Shugaban Amurka na lokacin Richard Nixon kuwa ɗan siyasa ne na gaske, ya gane cewa mutane da yawa sun gaji da yaƙin amma sun fi gajiya da ɗaliban nan masu dogon gashi da ke ƙona tuta. Ranar 3 ga Nuwamba 1969 ya fito a tele ya ce shi da masu rinjayen da ba su surutu yake magana, wato leburori da ƙananan ma'aikata da iyayen sojoji. Dabarar ta ci. Ranar 4 ga Mayu 1970 dakarun jihar Ohio suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin yaƙin a jami'ar Kent State suka kashe ɗalibai 4 suka raunata 9, biyu daga cikin mamatan ma ba zanga-zangar suke ba, aji za su. Kwana 4 bayan nan ɗalibai suka taru a New York suna juyayi, sai ga magina da hulunan kwanonsu sun sauko daga saman gine-gine da ƙarafa a hannu suka far musu da duka, 'yan sanda na tsaye suna kallo, daga nan suka zarce ma'aikatar magajin gari suka tilasta a mai da tutar da aka sassauto saboda makoki can sama. Kafin watan ya ƙare shugaban ƙungiyar maginan Peter Brennan yana fadar White House ana miƙa wa Nixon hular kwano kyauta, daga baya ma aka ba shi ministan ƙwadago. A zaɓen 1972 George McGovern da ya tsaya kan a daina yaƙin ya sha mugun kaye, Nixon ya cinye jihohi 49 cikin 50. Abin da ke ɗaure min kai a nan, 'ya'yan waɗannan maginan ne ake kashewa a Biyetnam, Amurkawa sama da 58,000 suka mutu, ban da 'yan ƙasar da aka kashe da ba su ƙirguwa, amma duk da haka haushin ɗan jami'a ya fi musu zafi.

To kar a ce su 'yan riƙau ɗin ba su da hujja ko ɗaya, suna da ita. Kullum sukan tuna wa mutane Munich 1938, inda Chamberlain na Ingila ya lallaɓa Hitler don gudun yaƙi, shekara ɗaya sai ga yaƙin ya zo ya fi muni. Sukan ce ina masu kwalaye suke lokacin da Khmer Rouge suka kama Kambodiya a 1975 suka yi ta yanka mutane, ko kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994 da duniya ta naɗe hannu. Su ma masu ƙin yaƙin sun sha ba da kansu, kamar Jane Fonda da ta je Hanoi a 1972 aka ɗauke ta hoto zaune kan bindigar kakkaɓo jiragen Amurka tana murmushi, ta sha neman gafara kan hoton amma har gobe akwai tsofaffin sojojin da ba su yafe ba. Ni a ganina wannan suka ce mai ma'ana. Inda nake rabuwa da su shi ne in sun bar hujjar sun koma kan mutuncin mutum da iyalinshi.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka sake sabon lale. Ranar 14 ga watan majalisar wakilan Amurka ta ba shugaba Bush izinin yaƙi da ƙuri'a 420, mace ɗaya tak Barbara Lee ta ce a'a, wai izinin ya yi faɗi da yawa ba shi da iyaka, barazanar kisa ta yi mata yawa har sai da aka haɗa ta da masu gadi. Da aka juyo kan Iraƙi, ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fito a Landan da Rum da Madrid da sauran birane, bai hana komai ba, ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Faransa da ta ƙi bi ta sha zagi, har a kantin cin abincin majalisar Amurka aka canza wa soyayyen dankali suna don kar a ambaci Faransa, abin dariya abin takaici, ɗaya daga cikin depitocin da suka kawo shawarar, Walter Jones, daga baya ya yi nadamar goyon bayan yaƙin ya riƙa rubuta wa iyalan sojojin da suka mutu wasiƙun ta'aziyya.

Yanzu ga inda muka shigo. Cikin hujjojin da aka kafa na cewa Iraƙi na neman makaman ƙare dangi har da cewa Saddam na neman uraniyom daga Nijar, wasu takardu suka ɓulla ta Italiya wai yarjejeniya ce ta ton 500. Tun Fabrairun 2002 CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta turo wani tsohon ambasada Joseph Wilson, wanda ya taɓa aiki a Yamai a shekarun 1970, ya zo ya yi kwana 8 yana ganawa da mutane har da tsohon firaminista Ibrahim Mayaki, ya koma ya ce maganar da wuya ta zama gaskiya. Duk da haka ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya faɗa a gaban majalisa cewa Ingila ta gano Saddam ya nemi uraniyom mai yawa daga Afirka, bai ce Nijar ba amma kowa ya san da wa ake.

Lokacin muna samari, muna da fada a Zango, da daddare ana sanyin nan na hunturu ga shayi kan gawayi ga rediyo muna jin sashen Hausa, akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a hanyar Arlit, yana jin maganar ton 500 sai ya yi tsaki ya ce, "Kai yara, kun san ko gangar nawa ke nan? Daga Arlit ka bi Tawa ka bi Dosso har Paraku, da jandarmomi gaba da baya, ko ganga guda ba ta fita Bafaranshe bai rubuta ba." Wani cikinmu ya ce, "To Baba, Amurka ce fa ta faɗa, tana da tauraron ɗan adam." Ya ce, "Tauraron ya sauko ya ƙirga mana." Gaskiyarshi, don kamfanonin haƙar uraniyom ɗin, Somaïr da Cominak, duk a hannun kamfanin Cogema na Faransa suke a lokacin. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei na hukumar nukiliya ta duniya ya shaida wa kwamitin sulhu cewa takardun jabu ne, kuma jabun ma na rashin iya aiki, wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 an sa mata hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar kujerar tun 1989.

Ranar 6 ga Yuli 2003 Wilson ya fasa ƙwai a jaridar New York Times, fadar White House ta amsa cewa bai kamata maganar uraniyom ɗin ta shiga jawabin Bush ba. Maimakon a tsaya nan, sai masu goyon bayan yaƙin suka yi mishi ca, wai ya je Yamai shan shayi ne kawai, wai matarshi ce ta nema mishi tafiyar. Mako guda bayan nan marubuci Robert Novak ya fallasa cewa matar, Valerie Plame, jami'ar CIA ce, aikinta na sirri ya mutu nan take. A 2007 kotu ta samu Scooter Libby, babban na hannun daman mataimakin shugaba Dick Cheney, da laifin ƙarya da hana bincike, ba laifin fallasar ba, aka yanke mishi wata 30, Bush ya ɗauke mishi zaman kason, Trump ya yafe mishi gaba ɗaya a 2018. Makaman ƙare dangin da aka je nema kuwa ba a samu ba. Cindy Sheehan da aka kashe ɗanta soja a Bagadaza a 2004 ta je ta kafa tanti kusa da gonar Bush a Texas a 2005, ita ma ba ta tsira ba, aka ce tana kasuwanci da gawar ɗanta.

Daga nan ne kujerun suka fara juyawa. A muhawarar 2016 Trump, a gaban 'yan jam'iyyar Bush ɗin, ya ce yaƙin Iraƙi babban kuskure ne kuma an yi wa mutane ƙarya, maganar da in ɗan hagu ya faɗe ta a 2003 sunanshi maci amana, kuma ya ci zaɓe. Yau a cikin 'yan riƙau ake samun masu cewa a daina tura wa Yukren makamai, wasu 'yan Demokrat kuma su ke kiransu yaran Putin, har Dick Cheney da kanshi ya goyi bayan Kamala Harris a 2024. Laifi tudu ne.

Namu na gida ba daidai yake da nasu ba, don a nan ba wanda ke cewa kar a yaƙi Boko Haram ko 'yan ta'addan Tilaberi, gardamar ita ce da wa za a yi yaƙin kuma ta yaya, amma zagin iri ɗaya ne. Ranar 27 ga Nuwamba 2021 matasan Tera suka tare ayarin sojojin Faransa mai zuwa Gao, mutum 3 suka mutu. A Afrilun 2022 majalisa ta amince sojojin waje da aka kora daga Mali su dawo nan, a watan Agusta bayan ƙarin kuɗin gazwal aka kafa gamayyar ƙungiyoyin farar hula ta M62, suka yi jerin gwano a Yamai ranar 18 ga Satumba suna rundunar Faransa ta Barkhane ta fita, masu mulkin lokacin na cewa 'yan amshin shatan Rasha ne. Shi ma Bazoum da ya saki wasu fursunoni a 2022 don neman sulhu da masu ɗauke da makamai, wasu suka ce ya sayar da jinin sojoji. A Janairun 2023 aka kulle jagoran M62 Abdoulaye Seydou kan maganar da suka yi game da farmakin da sojoji suka kai a Tamou, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya fito, Faransawa suka kwashe a Disamban 2023, Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, a 2025 aka naɗa Abdoulaye Seydou ministan kasuwanci. Moussa Tchangari na ƙungiyar farar hula ta Alternative kuwa, wanda ya daɗe yana sukar sansanonin sojojin waje, an kama shi a Mayun 2015 zamanin Issoufou bayan ya soki yadda aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, an kuma sake kama shi ranar 3 ga Disamba 2024 a gidanshi a Yamai, aka tuhume shi da yabon ta'addanci da haɗa baki da ƙasashen waje, a Janairun 2025 aka kai shi gidan kason Filinge.