"Quoth": tsohuwar "in ji" ta Turanci

Me kalmar "quoth" take nufi?

Tana nufin "ya ce" ko "na ce". Amma a kunnena, "in ji" ce ta fi kusa da ita. Yadda muke cewa "Ba zan je ba, in ji Audu", haka suke cewa "quoth he": kalmar na gaba, mai maganar na biye, ba a juya su. Ba ta da sigar yanzu ko ta nan gaba, kuma kusan kullum da "ni", "shi" ko "ita" take tafiya.

Daga ina ta samo asali?

Daga Turancin da ake yi a Ingila tun kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066. A lokacin akwai aikatau "cwethan", wato faɗa. Sannu a hankali "say" ta ƙwace wurinsa, sauran sigoginsa suka mutu, wannan ɗaya ta rage. Tana da 'yar'uwa da ke raye har yau a bakin lauyoyi: "bequeath", barin wa mutum dukiya ta hanyar wasiyya. Asalinta furuci ne da baki.

To ai kamar "quote" ce?

Kama ce kawai, ba su haɗa dangi ba. "Quote" daga Latin take, daga "quot", ma'ana "guda nawa?", don da farko aikinta sa wa babukan littafi lamba.

Su wa suka yi amfani da ita?

Ta cika wasannin Shakespeare. Bayansa ta fita daga bakin jama'a, sai mawaƙa suka riƙe ta. A 1798 mawaƙin Ingila Coleridge ya sa ta a wata waƙarsa, inda tsohon matuƙin jirgin ruwa ya tare wani mai zuwa biki ya fara ba shi labari. Amma wanda ya fi raya ta shi ne Edgar Allan Poe na Amurka, a waƙarsa "The Raven" ta 1845. Wani mutum na zaune cikin dare yana makokin masoyiyarsa Lenore, sai baƙin tsuntsu dangin hankaka ya shigo ya sauka a kan wani gunki bisa ƙofa. Duk abin da mutumin ya tambayi tsuntsun, amsa ɗaya ce: "Quoth the Raven, Nevermore", wato har abada ba sauran. Wannan layin yana ratsa ni. Da "said" ya sa, da tsuntsu ne kawai ya yi kuka. "Quoth" ta mai da shi kamar tsohon alƙali mai yanke hukunci.

Zan iya sa ta a rubutuna?

A waƙa ko labarin zamanin da, ƙwarai. Ban da wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa.